Takalman da Rifkatu ke ratayowa a wuya

Shekara bakwai ke nan da muka raka Rifkatu makwancinta, kuma bana ne karo na farko da na zauna zan rubuta wani abu a kanta na rasa ta inda zan kama. Sauran shekarun ba na shan wahala. Da lokacin ya zagayo sai in ɗauki biro in zuba yabo: jarumar da ba ta san gajiya ba, malamar da ta koya wa 'yan matan Zuru cewa in an fara abu ba a tsayawa. Bana kuwa ɗiyarta Murna ta yi mako biyar ba ta gaishe ni ba, saboda wani abu da na yi mata a kan dutse, kuma har yanzu ban tabbata ko daidai na yi ba. Yarinyar nan ita ce abin da ya rage mini na aminiyata. Ina tsoron kada in rasa ta, ina kuma tsoron cewa abin da na yi shekaru ina gaya muku game da uwarta rabin labari ne.

Ga waɗanda ba su san mu ba, tare muka yi koyarwa a wata makarantar 'yan mata a nan garin, ni lissafi, ita motsa jiki. Ita ɗiyar soja ce, a bariki aka haife ta, ranar Lahadi kuma tana gaba-gaba cikin mawaƙan coci. Ni ɗiyar mai sayar da yadi ce, kuma tun ina firamare in aka ce a fito gudu sai cikina ya fara ciwo. Hajiya Kujera take ce mini, wai ba ta taɓa shiga wuri ta tarar da ni a tsaye ba. Ni kuma Kofur nake ce mata, don ko gaisuwa za ta yi sai ka ce umarni take bayarwa. Mutane sun sha tambayar abin da ya haɗa mu. Ni ma ban sani ba, amma shekara goma sha ɗaya kwano ɗaya muke ci a ɗakin malamai.

Da yara shida ta fara fita gudu, ranar Asabar da sassafe. Surutu kuwa ta sha shi. Wasu suka ce gudu yana hana mace haihuwa, wasu suka ce ɗiya mace da ta saba da tsallen rafi ba za ta zauna gidan kowa ba. Ita ba ta gardama. Sai ta bi gida-gida, ta zauna kan tabarma, ta taya uwar gida ɓarar gyaɗa, ba za ta tashi ba sai an ce to, a gwada na wata ɗaya. 'Ya'yan Musulmi ta ce su zo da dogon wando da ƙaramin hijabi, ita ƙafa take nema. Takalma kuwa kambas ne na gwanjo da ta riƙa tarawa cikin wani buhun masara. Ba na kowa ba ne, na ƙungiya ne. Yarinya ta zaɓi wanda ya yi mata, in an gama ta wanke ta mayar.

Sau ɗaya a shekara, bayan an yanke dawa, ake yin abin da yaran suka sa wa suna gudun dutse. Daga filin makaranta ake tashi, a bi ta bayan Rikoto, a ratsa gonaki, a kama hawan dutsen da ke kallon hanyar Dabai. Can sama, inda hawan ya ƙare, akwai wata babbar ɗorawa. Daga gindinta ake gangarowa, a tsallake rafi, a dawo fili. Rifkatu da kanta take yayyaga tsofaffin zannuwanta tana ɗaurawa a reshen itatuwa don kada wata ta ɓace. Akwai shekarar da na nemi wani zanena mai ruwan goro na rasa, sai a wuyan wata ƙirya aka ce an gan shi.

Aikina a ranar ba ya canzawa. Ina bakin layin ƙarshe, kan kujera, usur a wuya, tukunyar kunu a gefe. Kafin bana ban taɓa hawa dutsen ba, ko sau ɗaya, kuma ban taɓa jin kunyar haka ba. Abin da nake gani daga kujerata shi ne wannan: Rifkatu tana riga kowa fita da jarkar ruwa a ka, ta nufi ɗorawa. Ita ce kuma ta ƙarshen dawowa. Takan shigo fili tana tafiya a hankali, 'yan mata biyu ko uku kewaye da ita cikin silifas suna waƙa, ita kuwa takalmansu a rataye a wuyanta, an ƙulla igiyoyinsu. Na taɓa tambayarta dalili. Ta ce, "Takalman ne sunka gaji, Hajiya," ta yi dariya, ta miƙo kofi in zuba mata kunu. Ni kuwa na yanke wa kaina cewa yaran ƙauye ne, kambas ya dame su, sun fi sakewa cikin silifas. Tunda duk wadda ta tashi daga fili da ƙafarta take dawowa ta taka layi, sai na fara faɗa a taron iyaye, da alfahari, cewa a cikin yaran Rifkatu ba wadda ta taɓa tsayawa. Daga bakina wannan magana ta fita.

Ta kuwa samu karɓuwa, don ta dace da halin garinmu. Nan ne saurayi yake shekaru yana golmo, yana noma gonar surukai kafin a ba shi mata, ba ya cewa uffan. Gidaje da yawa akwai hoton wani cikin kaki a bango. Wanda ya ce wayyo a gaban mutane, shi da kansa zai ji ya rage daraja. Da na ce Rifkatu ba ta san tsayawa ba, ba wanda ya nemi ƙarin bayani. Ita ma tana wurin in ina faɗa. Takan sunkuyar da kai tana wasa da igiyar usur ɗinta, ni kuma in ɗauka kunyar yabo ce.

Yanzu sai in zo ga abin da ban taɓa rubutawa ba. Shekara biyu kafin rasuwarta ƙafafunta suka fara kumbura. Na ga ta sassauta igiyar takalminta, daga baya na ga ta tsaga gefensa da reza. Na ce, "Kofur, ƙafarki fa." Ta ce gishiri ne ya yi mata yawa. Da numfashinta ya fara sarƙewa a kan matakalar aji, na matsa mata muka je asibiti, kuma ina zaune a gefenta likita ya ce zuciyarta tana neman hutu, ta bar hawan dutse, ta bar ɗaukar kaya. A hanyar dawowa ta kama hannuna ta ce kada in gaya wa kowa, in iyaye suka ji za su janye 'ya'yansu. Na yi mata alkawari, na kuma cika shi. Kaka biyu ta ƙara tana hawa da jarka a ka, ni ina kan kujera ina kallon bayanta, ina jin tsoro, ina kuma jin wani irin alfahari da ita wanda yau in na tuna shi nake jin haushin kaina. Makonni kaɗan bayan gudun na biyu ta kwanta, ba ta tashi ba. Murna tana da shekara takwas.

Da aka share makoki ba wanda ya yarda ya karɓi yaran, sai abin ya faɗo kaina. Ku yi tunani, Hajiya Kujera ce shugabar masu gudu. Na samu wata matashiyar malama tana fita da su ranar Asabar, ni kuma na riƙe tsare-tsare. Abu na farko da na gyara, a ganina, shi ne ruwa. Na ce wace irin wahala ce a riƙa hawa da jarka har gindin ɗorawa, alhali ga mararraba a ƙasa inda ɗan kabu-kabu zai kai ta da babur cikin minti biyar? Na sauko da ruwan, ɗorawa ta zama itace kawai da ake zagayawa. Manyan yaran da suka yi zamani da Rifkatu suka gama makaranta, kowa ta kama gabanta. Sababbin da suka zo ba su san ta ba sai ta bakina.

Nakan tambayi kaina abin da za ta ce in ta leƙo yau. Buhun masara ya tafi, yanzu kusan kowace yarinya da takalminta, wasu har da waya mai ƙirga musu taku. Saboda halin da ake ciki na rashin tsaro, ba ma fita sai an sa mana masu rakiya a gonaki, abin da a zamaninta ko a mafarki babu. Iyaye da kansu suke kawo 'ya'yansu. Wani dattijo da ya taɓa korar ta daga ƙofar gidansa, yanzu shi ke zama a sahun gaba yana tafi. Na san wannan zai ba ta dariya. Mun kuma buga riguna da hotonta, hoton da bai yi kama da ita ba ko kaɗan, a ƙasansa an rubuta da manyan baƙi: BA TSAYAWA. Da ina ganin za ta ji daɗinsu, yanzu ban sani ba. A cikin shekarun nan an yi yaran da suka iso layi suna amai, an yi wadda ta yi ta ɗingishi har lokacin jarrabawa. Ni ce nake tsayar da su gaban sauran in ce a tafa musu.

Murna a hannun kakarta ta tashi, a Rikoto, don mahaifinta soja ne, aiki ya yi nisa da shi. Inna take ce mini. Tun tana ƙarama takan zo gidana ranar Juma'a bayan an tashi makaranta, ta zauna bakin murhu ta ce in ba ta labarin Mama. Na ba ta abin da nake da shi: yadda uwarta take hawa dutse da jarka, yadda ba ta taɓa cewa ta gaji ba, yadda ko ciwo bai zaunar da ita ba. Wannan na ƙarshen, Allah ya yafe mini, da sigar yabo nake faɗarsa. Bana ta cika goma sha biyar, kuma bana ne aka fara barinta ta yi gudun dutse gaba ɗayansa. Kowa a garin ya san ɗiyar Rifkatu za ta fito.

Da safiyar ranar, wata tsohuwar ɗalibarmu mai suna Saratu ta zo taya mu. Tana cikin yara shidan farko, yanzu ma'aikaciyar jinya ce, ba ta daɗe da dawowa garin ba, ga ta da tsohon ciki. Na busa usur, yara suka tashi, na koma kujerata. Saratu tana jera kayan ɗaurin ciwo kan tebur ta juyo.

"Malama, wa ke gindin ɗorawa bana?"

Na ce ba kowa, ruwa yana mararraba.

"To wa ke karɓar takalma?"

"Waɗanne takalma?"

Ta ajiye abin da ke hannunta, ta dube ni kamar yau ta fara ganina. Nan a tsaye, cikin 'yan mintuna, ta gaya mini abin da aminiyata take yi a gindin itacen nan shekara da shekaru. Ashe ba ruwa ne ya kai ta can ba. Duk yarinyar da ta iso sai ta tsaya. Rifkatu ta durƙusa a gabanta, ta danna mata ƙafa da babban yatsa tun daga idon sawu, ta sa ta tsaya da ƙafa ɗaya, sannan ta tambaye ta abin da aka dafa a gidansu jiya don ta ji yadda numfashinta yake fita. Wadda ta gamsu da ita, ta ce wuce. Wadda ba ta gamsu ba, ta kwance mata takalma ta rataya a wuya, ta ciro silifas daga jaka ta ba ta, ta ɗora mata aikin miƙa wa na baya ruwa. In kowa ya wuce sai su gangaro tare ta wata gajeriyar hanya da ke ɓullowa rafi, su shigo fili da waƙa, su taka layi kamar kowa. Ta hana a faɗa, don kada a yi wa yarinya gori a aji.

"Ni kaina sau biyu ta karɓe nawa," in ji Saratu. "Mu duk mun ɗauka kin sani, Malama. Ke ce aminiyarta."

Sai ta ƙara da abin da ya tayar da ni daga kujera. Ta ce da ake jera yara ta tsaya kusa da Murna, ta ji warin man zafi, ta kuma lura yarinyar ba ta ɗora nauyinta kan ƙafar hagu. Ita da cikinta ba ta iya hawa. Ta ce in na bi gajeriyar hanyar zan iya riga su, tunda su sai sun zagaya gonaki.

Ɗan kabu-kabu ya kai ni bakin rafi, sauran kuwa da ƙafata. Ba zan ɓata muku lokaci da yadda mace mai shekara hamsin da ɗoriya, wadda ba ta taɓa hawa abin da ya fi matakalar aji ba, ta hau wannan dutse. Da hannu da gwiwa na yi rabinsa. Ɗankwalina ya maƙale a ƙaya na bar shi nan. Abin da ya fi damuna a hanyar ba numfashina ba ne. Kowane dutse na dafa sai in tuna nan Rifkatu take bi da jarka a ka, da zuciyar da likita ya ce ta gaji, ni kuma ina ƙasa ina juya kunu.

Na isa gindin ɗorawa na zube. Yara biyu suka wuce ni suna mamaki. Ta uku Murna ce. Tun daga nesa na ga yadda take jefa ƙafar, ta cije leɓe, rigar mai hoton uwarta ta jiƙe sharkaf. Na miƙe na tare hanya.

"Murna, tsaya in ga ƙafarki."

"Inna, matsa. Ni ce ta uku."

Ta nemi ta kauce ta gefena. Ni ban iya danna ƙafa da yatsa ba, ban san abin da ake ji ba in an danna, ban ma tuna da tambayar abincin jiya ba. Abin da na iya shi na yi. Na faɗi ƙasa na rungume ƙafafunta biyu, muka zube tare. Na fizge takalmin hagu. Idon sawun ya haye har ya shafe, fatar tana sheƙi.

"Ki sake ni, Inna, don Allah! Gangara kaɗai ta rage!" Tana kuka tana dukan kafaɗata. "Ke kinka ce Mama ba ta taɓa tsayawa ba! Ke kinka ce!"

Yara suna wucewa ɗaya bayan ɗaya suna kallonmu. Ban sake ta ba har ta daina motsi. Na cire ɗayan takalmin, na ba ta silifas ɗina. Ban rataya nata a wuya ba, ban ga na kai ba, a hannu na riƙo su. Muka gangaro tana dafe da kafaɗata. A bakin rafi kuma na yi kuskure na biyu. Hankalina yana kan asibiti, sai na ɗora ta kan babur muka shigo fili ta tsakiyar jama'a. Haka garin Zuru ya ga yarinya ta farko da ta kasa ƙarasa gudun dutse, kuma ɗiyar Rifkatu ce, sanye da rigar nan, a bayan ɗan kabu-kabu.

A asibiti aka ɗauki hoto, aka ga ƙashin ya ɗan tsage. Ashe tun mako guda kafin ranar ta gurɗe, ta ɓoye wa kowa har kakarta. Na tambayi likita ko da ta gangaro da gudu ƙashin zai karye. Ina so ya ce mini eh, in samu abin riƙewa. Ya ce mai yiwuwa, mai yiwuwa kuma ta ƙarasa lafiya, ba wanda zai iya rantsuwa. Mutane ma sun rabu. Kakarta ta aiko mini da godiya da kwaryar gyaɗa. Wasu iyayen kuma suka ce na karya wa yarinya zuciya a ranar da take son ta girmama uwarta, wai da Rifkatu na nan da ba a yi haka ba. Ni na san da tana nan ita za ta fara yi, amma ni ce na koya musu wancan labarin.

Tun ranar nake juya abin a raina, kuma bai zauna ba. Da a ce na gano Rifkatu mai tsayar da yara ce kawai, da sai in canza rubutun riga in huta. Amma Saratu ta ce ba haka ba ne. Akwai yaran da suke isowa ɗorawa suna kuka, suna roƙon a karɓi takalmansu, ta danna ƙafar, ta saurari numfashin, ta ce ba abin da ya same ki sai tsoro, tashi ki wuce. Su kuwa su wuce, su ƙarasa, har yau suna gode mata. Wato tana tura wasu, tana hana wasu, kuma ta san wace ce wace. Wannan sanin a yatsanta yake, ta tafi da shi. Ni in yarinya ta ce mini ba ta iyawa baɗi, me zan ce mata? In na ce daure, ina tsoron ƙashi. In na ce zauna, ina tsoron in mayar da su irina. Shekara talatin ina koyar da lissafi, na saba kowace tambaya tana da amsa a bayan littafi.

Abin da ya fi ɗaure mini kai ita ce kanta. Matar da ta san jiki haka, wadda take durƙusawa gaban 'yar shekara goma sha uku ta hana ta cutar da kanta, yaya aka yi ta tsaga takalminta da reza ta ci gaba da hawa? Wani lokaci in ce ta san in ba ta hau ba, ba mai zama a gindin itacen, kuma gaskiyarta, da ta tafi ba wanda ya zauna. Wani lokaci in ji haushinta. Kalma biyu za ta gaya mini a ɗakin malamai, da ban sauko da jarkar nan ba. Sai kuma in tuna ta sha cewa in zo in ga saman dutsen ko sau ɗaya, ni kuma in ce gwiwata.

To me ya rage nata bayan shekara bakwai? Gudun yana nan, ya ma fi da girma. Rigunan suna nan, na tattara su cikin kwali ban san yadda zan yi da su ba. Akwai mata irin su Saratu a garuruwa daban-daban, kowace tana tafe da tunanin wata safiya da malamarta ta durƙusa a gabanta, kuma ba ɗayansu da ta taɓa tona 'yar uwarta. Ina ganin wannan ne nata na gaskiya, kuma ba ta hannuna ya biyo ba. Saratu ta ce in ta sauka lafiya za ta koya mini danna ƙafa, baɗi mu hau tare. Na ce to. Ban sani ba ko abin yana koyuwa.

Shekaranjiya na gaji da jiran Murna ta zo, na tafi Rikoto da kaina. Na same ta a tsakar gida, ƙafar a ɗaure kan kujerar tsugunno, tana ɓarar gyaɗa a faranti. Kakarta ta amsa mini sallama, ta shimfiɗa tabarma, ta shige ɗaki ta bar mu. Yarinyar ba ta ɗago ba. Na zauna na gaya mata duk abin da kuka karanta a nan, har da ranar asibiti da alkawarin da na yi wa uwarta, wanda ban taɓa gaya wa kowa ba. Ta daɗe tana murza ɓawo a hannu.

"Kin ga ƙafarta ta kumbura?" Wannan ce maganarta ta farko gare ni cikin mako biyar.

"Na gani."

"Kina nan likita ya ce ta bari?"

"Ina nan."

"To don mi ba ki kama ta ba kamar yadda kinka kama ni?"

Na ce ban sani ba ko da hakan zai tsawaita kwananta, wannan na Allah ne. Na ce ina ganin girmanta, ina kuma jin tsoronta. Uwarki ba a tare mata hanya, Murna. Da na tona ta, da ta yi gaba da ni, ƙila har abada.

Sai a lokacin ta ɗago ta dube ni, idonta jawur.

"To sai mi, Inna? Ni ma ina gaba da ke. Ga ni zaune."